Ku Tambaya Mu Amsa: Shin Dole Shugaba Ya Ajiye Addininsa Kafin Ya Hau Kujera?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Saƙonnin da suka shigo wannan karon yawancinsu kan magana ɗaya suke, wato gwamnati da addini, ko mai riƙe da mulki ya tsaya tsakiya ne ko ya ja nasa, shi yasa na tattaro su wuri guda. Wasu na taƙaita su saboda tsayi, sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba. Bismillah.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗalibi ne, muna ta musu da abokaina a guruf ɗinmu na WhatsApp kan maganar nan da ake cewa wai gwamnati kada ta ɗauki ɓangaren kowane addini. Ni a ganina wannan ai raba mutum da Ubangijinsa ne kawai, ta yaya za ace musulmi na gari ko kirista na gari ya hau mulki sannan ace ya ajiye addininsa gefe? To in ya ajiye da me zai ji tsoron Allah ya ƙi sata? Don Allah a warware mana.

AMSA: Ɗan'uwa rabin maganarka ina tare da kai ɗari bisa ɗari. Ba wanda yace shugaba ya bar sallah ko ya daina zuwa coci, duk wanda ya gaya maka haka son ransa ya faɗa. Tsoron Allahn nan da kake magana ma ai shi muke nema ido rufe a wajen masu mulki. Abin da ake cewa shi ne, shi mutumin yana da addininsa ya riƙe shi da kyau, amma kujerar da ya hau amana ce ta kowa da kowa, baitulmali kuɗin kowa ne, ɗan sanda da asibiti da kotu da takardar ɗaukar aiki na kowa ne, da wanda suke tsayawa sahu ɗaya da wanda ko ƙofar wurin ibadarsa bai taɓa takawa ba. Lokacin karɓar haraji ba a tambayar mutum addininsa, to da wane dalili za a tambaye shi lokacin rabo? Ka ɗauki alƙalin wasan ƙwallo, yana iya yiwuwa akwai kulob ɗin da yake mutuwar so, ba laifi bane, amma da zarar ya sa usur a baki ya shiga fili, in ya bari son nan ya busa masa usur to wasa ya tashi, kuma har kulob ɗin nasa ba zai ji daɗin nasarar ba.

Kuma ni abin da nake so ka lura da shi, wannan adalcin addinin ne da kansa ya wajabta shi. Ka buɗe tafsirin Suratun Nisa'i daga aya ta 105. A Madina wani daga cikin musulmi ya saci sulke, da yaga asiri zai tonu sai aka jingina satar ga wani Bayahude, danginsa kuma suka zo wurin Annabi (SAW) suna neman ya wanke ɗan'uwansu, kaga ga namu ga nasu kenan ƙiri-ƙiri, a lokacin da ake zaman doya da manja da Yahudawan garin. Sai Allah Ya saukar da ayoyi Ya wanke Bayahuden, Ya ce kada a zama mai kare maha'inta. Ayoyin nan har gobe ana karanta su a sallah. A Ma'ida aya ta 8 kuma aka ce kada ƙin wasu mutane ya sa ku ƙi yin adalci, ku yi adalci shi ne mafi kusa da taƙawa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma ya kawo maganar nan da kowa ya sani, cewa mulki yana ɗorewa da kafirci amma ba ya ɗorewa da zalunci. 'Yan'uwanmu kiristoci kuma suna da nasu a Matta 22:21, a ba Kaisar abin da yake na Kaisar, a ba Allah abin da yake na Allah.

Akwai wani gefen da samari ba su cika dubawa ba, kuma wallahi shi yafi tsorata ni. In gwamnati ta ce ta ɗauki addini, tambaya ta gaba ita ce fahimtar wa? Ai ba a tsayawa a musulmi da kirista, ana gamawa da wannan sai a koma wane ɗan ɗariƙa ne wane ɗan Izala ne wane ɗan Shi'a ne, can kuma wane Katolika wane Furotesta wane ɗan cocin zamani. A shekara ta 833 halifa Ma'amun na Abbasiyawa ya sa ƙarfin gwamnati ya tilasta wa malamai faɗin cewa Alƙur'ani halitta ne, aka riƙa kiransu ɗaya bayan ɗaya ana titsiye su, Imamu Ahmad bin Hambal ya ƙi, aka ɗaure shi, a zamanin Mu'utasim aka yi masa bulala. Waɗanda suka yi masa haka musulmi ne masu sallah, gani suke addini suke karewa. Shi yasa nake jinjina wa Imamu Malik, da halifa ya nemi a ɗora wa duk daular Muwaɗɗa ta zama ita kaɗai ake bi, shi mai littafin ne ya ce a'a, sahabbai sun watsu a garuruwa, kowane gari da ilimin da ya iso musu, a bar mutane. Ka duba fa, fahimtarsa ce za a ba sanda da kotu, ya ƙi karɓa. Turai ma sai da suka sha wuya kafin su gane, daga 1618 zuwa 1648 shekara talatin ana yaƙin da ya faro daga rikicin Katolika da Furotesta, miliyoyin mutane suka hallaka, duk masu Littafi ɗaya. Don haka ka koma ka gaya wa abokanka, shugaba ya shiga ofis da imaninsa cikakke, imanin ne zai hana shi sata, shi ne kuma zai hana shi danne haƙƙin wanda ba addininsu ɗaya ba.

TAMBAYA: Malam ni abin da ke ban tsoro Faransa ce. Su ma ai cewa suke gwamnatinsu ba ruwanta da addini amma gashi sun hana yara mata sa hijabi a makaranta. Ba nan ake son kai mu ba a hankali a hankali? Daga wata malamar makaranta.

AMSA: Malama tsoronki yana kan hanya, ban ga laifinki ba. Dokar Faransa ta 1905 da ta raba coci da gwamnati asalinta rigima ce da cocin Katolika da ya daɗe yana juya ƙasar, dokar ta ce gwamnati ba za ta amince da wani addini a hukumance ba, ba za ta biya albashin limamansa ba, amma ta lamunce wa kowa 'yancin ibada. Har nan ba matsala. Inda aka kauce shi ne daga baya, 2004 aka hana ɗalibai sa alamar addini da ta fito fili a makarantun gwamnati, 2010 aka hana rufe fuska a bainar jama'a, 2023 aka haɗa har da abaya a makarantun gwamnati. Turkiyya ma ta bi wannan hanyar shekaru, a 1999 wata 'yar majalisa Merve Kavakci da jama'a suka zaɓa ta shiga zauren majalisa da ɗankwalinta aka yi ta ihu ana buga tebur har ta fita ba tare da ta yi rantsuwa ba, sai a 2013 aka ɗage haramcin a ma'aikatun gwamnati.

Ni a wurina wannan ba tsayawa tsakiya bane, gwamnati ce ta ɗauki ɓangare, ɓangaren masu ganin addini abin ɓoyewa ne. Wanda aka ɗora wa nauyin rashin nuna bambanci ita ce hukuma, yarinya 'yar shekara sha huɗu da ta zo koyon lissafi ba hukuma bace, 'yar ƙasa ce da hukumar ke yi wa aiki. Kuma ba ko'ina ake yin irin na Faransa ba. Amurka tun gyaran tsarin mulki na farko a 1791 aka hana majalisa kafa addinin gwamnati, a jimla ɗaya kuma aka hana ta tauye wa mutane yin addininsu, biyun tare suke tafiya, shi yasa a 2019 majalisar wakilai ta gyara tsohuwar ƙa'idarta ta hana rufe kai a zaure, 'yar majalisa musulma Ilhan Omar ta zauna da hijabinta. Kanada tun 1990 ta bar ɗan sanda mabiyin addinin Sikh ya sa rawaninsa da kaki. A Najeriya ma Kotun Ƙoli a watan Yunin 2022 ta tabbatar wa ɗalibai mata musulmi 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin jihar Legas, kuma sashe na 38 na tsarin mulki, na 'yancin addini, shi ne ginshiƙin shari'ar. Sai dai Malama ki riƙe ɗaya gefen, shi wannan sashen dai shi ya ce ba za a tilasta wa ɗalibi karatun addini ko ibadar da ba tasa ba, wato yadda ba kya son a cire wa 'yarki hijabi, haka in 'yar kirista na ajinki ba ki da ikon sa ta dole ta yi addu'ar da ba tata ba. Wanda ya yarda da ɗaya ya ƙi ɗaya ba 'yanci yake nema ba.

TAMBAYA: Salam. Meye ra'ayinka kan shugaba da mataimakinsa su fito daga addini ɗaya? Ni ina ganin kawai a rubuta a doka, in shugaba musulmi ne mataimaki kirista, in wannan ya gama a ba wancan, kowa ya huta da rigima. Daga wani ɗan kasuwa.

AMSA: Alhaji an gwada abin da kake faɗa, kuma ƙasar da ta gwada shi sosai ita ce Labanon. A 1943 manyansu suka yi yarjejeniya, shugaban ƙasa kirista ɗan cocin Maroniyawa, firaminista musulmi ɗan Sunni, kakakin majalisa ɗan Shi'a, kujerun majalisa kuma a duk goma sha ɗaya kiristoci shida musulmi biyar, duk bisa ƙidayar 1932. To yawan jama'a ya canza, rabo bai canza ba, kuma tun daga 1932 ɗin nan ba a sake yin ƙidaya a hukumance ba saboda kowa na tsoron abin da alƙaluma za su nuna. Wannan na cikin abubuwan da suka hura wutar yaƙin basasa daga 1975 zuwa 1990. Yarjejeniyar Ɗa'if ta 1989 ta mai da rabon rabi da rabi, yanzu kujeru 128 ne, 64 nan 64 can. An samu an daina harbi, wannan ba ƙaramin abu bane, amma duba abin da ya biyo baya, kowane jagora ya zama mai gadin rabon ƙungiyarsa, in aka kama minista da ɓarna sai ace ai mutanenmu ake wa bi ta da ƙulli, ba mai iya taɓa shi, aiki kuma ba ya samuwa sai ta hannun jagoran ɗariƙarku. Daga ƙarshen Oktoban 2022 zuwa Janairun 2025 ƙasar ba ta da shugaban ƙasa ma gaba ɗaya saboda an kasa daidaitawa. Da zarar ka rubuta addini a jikin kujera to ka mai da shi sana'a, kuma 'yan siyasa ba za su bari wutar ta mutu ba tunda da ita suke ci.

Yanzu dubi Senegal. Musulmi sun haura kashi 90 cikin ɗari, amma shugabansu na farko Léopold Sédar Senghor ɗan Katolika ne, ya yi mulki daga 1960 zuwa 1980, kuma manyan shehunan ɗariƙu suna cikin masu mara masa baya, shi ya halarci buɗe babban masallacin Tuba a 1963 tare da halifan Muridiyya. Saliyo ma musulmi suka fi yawa amma a 2007 suka zaɓi Ernest Bai Koroma kirista. Tanzaniya kuwa ba a rubuce yake ba amma tun daga Nyerere zuwa Mwinyi, Mkapa, Kikwete, Magufuli har Samia, kirista ya sauka musulmi ya hau, abin ya zama fahimtar juna ba tilas ba. A Najeriya a 1993 Abiola da Kingibe duk musulmi ne, kiristoci da yawa suka zaɓe su ba tare da wani tashin hankali ba, amma da Tinubu da Shettima suka fito a zaɓen 2023 kowa yaga yadda ƙasa ta ɗauki zafi. Tikitin iri ɗaya ne, abin da ya canza a cikin shekara talatin ɗin nan yarda ce ta zube.

To ra'ayina, tunda ka tambaya. Ban goyi bayan a rubuta a doka ba. Amma kuma ba na cikin masu cewa ai cancanta kawai, addini ba komai bane, domin a ƙasar da mutane ke tsoron juna, ɗan takarar da ya san rabin jama'a za su kwana da fargaba saboda zaɓin da ya yi, ya kamata ya auna wannan da kyau, hikima ce da tausayi. In kuma har ya yi, to nauyin da ke kansa ya ninka, sai ya nuna a naɗe-naɗensa da ayyukansa da yadda yake zuwa jaje in an kashe mutane cewa ba a bar kowa a baya ba. Kuma mataimaki daga addininka ba shi ne zai kawo maka ruwa da wuta ba Alhaji, talakawa nawa ne nasu ke kan mulki shekara da shekaru suna nan jiya i yau?

TAMBAYA: Malam shin ya halatta shugaba ya rantse da Alƙur'ani ko Baibul in dai gwamnati ba ta da addini? Kuma in gwamna musulmi ya je taron kiristoci ko kirista ya zo buɗe-baki ba munafunci bane?

AMSA: Rantsuwa tasa ce, shi ake son a ɗaure da abin da yake jin tsoro, don haka kowa ya rantse da abin da ya yi imani da shi, wanda kuma ba ya son rantsuwa dokokin ƙasashe da yawa sun ba shi damar ya yi alkawari kawai. Keith Ellison, musulmi na farko a majalisar Amurka, a bikin rantsuwarsa na 2007 ya ɗora hannu a kan fassarar Alƙur'ani da ta taɓa zama ta Thomas Jefferson. Laifin zai zo ne in aka ce sai da littafi kaza kaɗai ake hawa kujera. Zuwa taro kuwa, zuwa gaisuwa da jaje da taya murna daban, shiga ibadar da ba taka ba daban, na farkon aikinsa ne, na biyun ba wanda ya isa ya sa shi. Lokacin da aka kashe masallata 51 a Christchurch ta New Zealand a Maris ɗin 2019, firaminista Jacinda Ardern ba musulma bace, ta yafa gyale ta je ta rungumi matan da aka kashe wa mazaje, Juma'ar da ta biyo aka sa kiran sallah a rediyo da talabijin na ƙasa. Ban ga musulmin da ya kira wannan munafunci ba.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe ina so ka yi magana kan gwamnati ta riƙa biya wa mutane kujerar Hajji ko ziyarar Urushalima da gina masallatai da coci-coci da kuɗin jama'a. Ni ina ganin ai aikin lada ne, kuma in an ba kowane ɓangare ai an yi adalci ko? Daga wata Hajiya.

AMSA: Hajiya Allah Ya karɓi ibada. Zan rarrabe miki abu biyu. Akwai tsara tafiya, wato biza da jirgi da masauki da likitoci da kare 'yan ƙasa a ƙasar waje, wannan aikin gwamnati ne ba makawa, tunda Saudiyya da gwamnatoci take yarjejeniyar yawan kujeru, shi yasa Najeriya ke da hukumar alhazai ta NAHCON tun 2006, da ta masu ziyarar kirista da aka kafa a 2007. Sai kuma ɗaukar kuɗin baitulmali a biya wa wasu zaɓaɓɓu, wannan kam ban yarda da shi ba ko da an raba daidai. Hajji Allah Ya wajabta shi ne a kan wanda ya samu iko, Ali Imrana aya ta 97, wanda bai da hali babu zunubi a kansa. Amma matar da ta mutu wajen haihuwa saboda asibitin gwamnati babu jini babu wuta, wannan akwai wanda za a tambaya ranar gobe. Kuma mu faɗi gaskiya, su wa ake ba kujerun nan? Yawanci 'yan jam'iyya ne da 'yan'uwan manya da masu baki a unguwa, wani ma ya je sau biyar, tsohon da ya shekara talatin yana tara kuɗi bai san ma ana rabawa ba.

A Indiya kotun ƙoli a 2012 ta umarci gwamnati ta janye tallafin Hajji a hankali cikin shekara goma, alƙalin da ya rubuta hukuncin musulmi ne, ayar nan ta samun iko ya kafa hujja da ita, ya ce a juya kuɗin zuwa ilimi da ci gaban al'ummar, aka rufe tallafin a 2018. Malesiya kuwa tun 1963 suka kafa asusun Tabung Haji, mutum ya riƙa ajiya kaɗan-kaɗan ana juya masa kuɗin ta hanyar halal har su isa. Jamus ma da gwamnati ke karɓar wa coci haraji, kashi 8 ko 9 cikin ɗari na harajin da mutum ke biya, daga 'yan cocin da suka yi rajista kaɗai ake cira, wanda ba ya ciki ba a taɓa kuɗinsa.

Ginin wurin ibada kuma akwai wani abu da mutane ba sa hangowa, wanda ya biya shi ke da iko. A Turkiyya hukumar Diyanet da aka kafa a 1924 ita ke biyan limamai albashi, ita ke aiko da huɗubar Juma'a. Limamin da gwamna ya gina wa masallaci ya saya wa mota, ranar da gwamnan ya yi zalunci da wane baki zai faɗa? Haka faston da aka ba fili da kwangila. Abin da nake nema a wajen gwamnati a nan ƙarami ne amma shi ake hana mutane, in jama'a sun tara kuɗinsu sun nemi fili da izinin gini, a ba su bisa ƙa'ida ɗaya, kada takardar masallaci ta fito cikin wata guda ta coci ta shekara goma a durowa, ko a wani yankin a juya abin, ta coci ta fito ta masallaci ta ɓata.

TAMBAYA: Malam ni darakta ne a wata ma'aikatar gwamnati, kuma maganar nan ta hana ni barci. An ba mu guraben ɗaukar aiki kaɗan, mun yi jarrabawa da intabiyu, waɗanda suka fi cin maki yawancinsu ba addininmu ɗaya ba. Yanzu 'yan'uwa sun taso ni gaba, har malaminmu ya kira ni, suna cewa in ban sa namu ba na ci amanar addini, ai su ma in suka samu dama nasu suke ɗauka, kuma gaskiya na taɓa gani da idona an yi mana hakan. Me zan yi?

AMSA: Yallaɓai na gode da ka faɗi gaskiyar abin da ke ranka, da yawa suna cikin irin halin nan ba sa faɗa. Ban sani ba ko kai musulmi ne ko kirista tunda baka faɗa ba, kuma amsar ba za ta canza ba. Na yarda an yi muku, ana yi, kowane ɓangare yana da labarin ɗansa da ya ci jarrabawa aka cire sunansa cikin dare. Amma ka dubi takardar da ke gabanka, sunan da za ka goge na wani yaro ne takamaimai, mai yiwuwa uwarsa ta sai da abin hannunta ta biya masa makaranta, ya kwana yana karatu, ya zo ya zauna gabanku yana rawar murya ya amsa tambayoyi ya ci. Ba shi ya cire ɗan'uwanku a wancan karon ba, bai ma san an yi ba. In ka goge shi ka rama a kan wanda bai yi maka komai ba, kuma ka ƙara mutum ɗaya da zai tashi da labarin cewa mutanenku azzalumai ne, shi ma ranar da ya samu kujera zai ce ai su ma haka suke yi. Da haka abin ya kai mu inda muke.

Ta fuskar doka ma kai za a kama ba masu kiranka a waya ba. In a Najeriya kake, sashe na 10 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin na gwamnati, sashe na 42 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda addininsa ko ƙabilarsa ko inda ya fito, kuma kusan duk ƙasar da ka duba za ka samu irin wannan, sa hannunka ne a takardar. In akwai ƙa'idar rabon gurabe tsakanin jihohi ko yankuna a rubuce, bi ta sau da ƙafa a fili, wannan doka ce kowa ya san da ita, ba ita ce cire suna a ɓoye ba.

Ga abin da nake ba ka shawara. Kada ka yanke hukuncin kai kaɗai, ka tara kwamitin da ya yi intabiyun kowa ya sa hannu a kan makin da ya bayar, a liƙa sakamakon a allo da maki da komai yadda duk mai ƙorafi zai gani, ka ajiye kwafi a wurinka. Malamin naku kuma kada ka yi masa ta waya, ka je har gida da ladabi ka zauna, ka tambaye shi, Malam in na cire wanda ya ci na sa wanda bai ci ba, albashin da zai riƙa karɓa shekara talatin da biyar halal ne? Kuma ranar da za a tsayar da ni da yaron nan gaban Allah za ka tsaya min? Ina kyautata zaton malamin kirki zai yi shiru ya sa maka albarka. In kuma da gaske ana son taimakon yaran naku, hanya a buɗe take, ku manyan ma'aikata ku haɗa kuɗi ku buɗe musu darasin share fage kafin jarrabawa ta gaba, ku koya musu rubuta takardar neman aiki da yadda ake amsa tambaya a intabiyu, ku riƙa sanar da su da wuri in an buɗe gurabe tunda sanarwa ce ta kowa. Za a yi maka surutu na wata biyu ko uku, wasu za su daina gaishe ka, ka yi haƙuri da wannan. Ka rubuto mana bayan an liƙa sunayen mu ji yadda aka ƙare.

Masu tambaya kan malamai da fastoci da ke tallan 'yan takara a kan mumbari, saƙonninku sun iso, suna da yawa, su za mu ɗauka a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.